"Wat Nawa Ne?": Tambayar Da Take Barin Mu Cikin Duhu

Daga wani ɗalibin ND II, Kwalejin Nazarin Muhalli, Barnawa

A hutun semestar da ta wuce, mu matasan layinmu muka yi karo-karo domin sayen fitilar sola da za a kafa a bakin kwalbatin da ke shiga unguwa. Duk wanda ya taɓa zaman ɗakin haya a Barnawa ko Narayi ya san irin wannan lungu: da rana yara na tallar awara, amma da an idar da isha'i sai ka cusa wayarka cikin safa kafin ka bi. Da yake ni ne "ɗan Poli", aka ce dole in raka mai riƙe da kuɗi kasuwa, wai kada a yi mana sakiyar da ba ruwa.

Muka shiga wani shago a cikin gari. Na gyara tsayuwa irin ta masana, na nuna wata babba mai shuɗin kwali.

"Alhaji, wannan wat nawa ce?"

"Ɗari uku ce cif, injiniya. In ka kunna ta, ko allura ce ta faɗi ƙasa sai ka tsince ta."

Ga shi kuwa an rubuta 300W ɓaro-ɓaro a jikin kwalin. Muka yi ciniki, muka biya, muka kafa. Daren farko har da masu ɗaukar hoto. Wajen ƙarfe ɗaya na dare fitilar ta koma kamar kyandir, kafin asuba ta mutu murus. Da ƙorafi ya yi yawa muka sauko da ita, wani mai gyaran rediyo ya kwance mana bayanta. A jikin batirin an rubuta 3.2V, 20Ah. Ninka su, za ka sami 64. Wato duk abin da batirin nan zai iya riƙewa, ko da ya cika maƙil, wat 64 ne na tsawon awa ɗaya. Da a ce da gaske fitilar wat 300 take ja, kafin minti 13 ta shanye shi tas. In kuwa ana so ta kai awa goma, to abin da za ta riƙa ja bai wuce wat shida da ɗoriya ba. Kun ji fa. Wat shida muka sayo da sunan ɗari uku.

Na yi kwana biyu ina jin haushin mai shagon. Da na huce sai na ga ai ni ma da nawa kason, kuma nawan ya fi ciwo, domin ni ne wanda ake koya wa waɗannan abubuwa a aji. Na shiga shago neman haske, amma tambayar da na yi ba ta haske ba ce. Abin da nake so in faɗa wa 'yan'uwana ɗalibai ke nan a wannan shafi: muddin "wat nawa ne?" ita kaɗai muka iya, to za a ci gaba da sayar mana da duhu a cikin kwali mai kyau, kuma nan da 'yan shekaru mu ne za mu riƙa sa hannu a kan takardar sayen duhun, da kuɗin jama'a.

Wat ba ma'aunin haske ba ne, ma'aunin cin wuta ne. Sunan wani injiniyan ƙasar Sikotilan ne, James Watt, kuma da shi ake auna abin da dutsen guga ko fanka ko firij ke ja. Ka ɗauka ka je sayen mashin, ka tambayi dillali lita nawa yake sha, ya ce maka yana sha sosai, kai kuma ka washe baki ka ce to ba ni shi. Haka muke yi da ƙwan fitila.

Iyayenmu ba su yi kuskure ba da suke tambayar wat. A zamaninsu ƙwan iri ɗaya ne, mai siririyar waya a ciki wadda take yin ja har ta ba da haske. Duk ɓarnarsu ɗaya ce: fiye da kashi 90 cikin ɗari na wutar da suke ja zafi take zama, shi ya sa har gobe masu kiwon kaji ke rataya wa 'yan tsaki su lokacin sanyi. Tun da ɓarnar ɗaya ce, mai wat 100 dole ya fi mai wat 60 haske, don haka tambayar tana aiki. Sai aka kawo mai murɗaɗɗen gilashi da muke kira eneji seba, sannan LED ta zo ta rushe lissafin baki ɗaya. Wasu masana uku 'yan asalin Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, sun sami kyautar Nobel a 2014 saboda shuɗiyar LED, wadda da ita ake yin farin hasken da ke ɗakunanmu yanzu. Tarayyar Turai kuwa tun 2009 ta fara janye tsohon ƙwan daga kasuwanninta. Fitila ta canza, tambayarmu ba ta canza ba. Masu buga kwali sun gane haka tuni.

Kalmar da ya kamata ta maye gurbinta ita ce lumen. A jikin kwali za ka ga an taƙaita ta da lm, galibi da ƙananan baƙaƙe a wani lungu. Lumen shi ne jimillar hasken da fitila ke fitarwa ta kowane gefe, gwargwadon yadda idon mutum ke ganinsa. Kyandir ɗaya yana ba da wajen lumen 12. Tsohon ƙwan mai wat 60 yana ba da wajen 700, mai wat 100 kuma wajen 1,300. LED ta kirki mai wat 9 kacal tana ba da wajen 800, mai wat 14 kuma wajen 1,500. Idan ka raba lumen da wat, ka sami abin da ya fi komai muhimmanci ga aljihunka: haske nawa kake samu daga kowane wat da ka biya. Tsohon ƙwan 12 zuwa 14 yake bayarwa, eneji seba wajen 60, LED ta ƙwarai daga 90 zuwa sama.

Bari mu mayar da shi naira, tun da shi ne yaren da kowa ke ji. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wuta na 'yan rukunin Band A zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauta. Mu ɗauka 200 don sauƙin lissafi. Ƙwan mai wat 100 da ke kunne awa shida kullum zai ci yunit 18 a wata, naira 3,600 ke nan. LED mai wat 14, wadda ma ta ɗan fi shi haske, yunit biyu da rabi za ta ci, wajen naira 500. Ƙwan ɗaya fa ke nan. Ku da kuke raba kuɗin mita da maƙwabta a gidan haya, har a kai ga zage-zage a tsakar gida kan wane ne ya shanye yunit, ku leƙa silin ɗin juna tukuna.

To amma ko lumen ɗin bai gama magana ba, kuma a nan ne nake so in ɗan daɗe. Lumen yana faɗa maka abin da ya fita daga fitila. Bai faɗa maka abin da ya iso kan littafinka ba. Wannan aikin lukus ne, wanda ake rubutawa lx. Lukus ɗaya shi ne lumen ɗaya da ya bazu a kan murabba'in mita ɗaya. Ni yadda na riƙe shi a jarrabawa: lumen shi ne yawan miyar da ke cikin tukunya, lukus kuwa shi ne abin da ya sauka a kan malmalar da ke gabanka. Tukunyar da za ta wadaci mutum uku, in aka raba wa gidan biki sai dai kowa ya ji ƙamshi.

Farin wata a daren sha huɗu bai kai ko rabin lukus ɗaya ba. Ranar tsaka a Kaduna cikin watan Maris tana iya kusantar lukus 100,000. Idonmu yana iya aiki a duka biyun, kuma wannan baiwar ita ce take yaudararmu: ka shiga ɗaki mai dishi-dishi, bayan minti biyu ido ya saba, ka ce ai da haske. Ido ba ma'auni ba ne. Shi ya sa aka tsara ƙa'idoji. Ƙa'idar Turai ta hasken wuraren aiki, EN 12464-1, wadda littattafanmu da yawa ke kafa hujja da ita, ta ware lukus 100 ga baranda da hanyar wucewa, 500 ga teburin karatu da rubutu, 750 ga teburin zanen fasaha irin wanda 'yan sashen zanen gine-gine ke kwana a kai.

Yanzu mu auna ɗakina. Mita uku ne da mita huɗu, murabba'in mita 12 ke nan, da ƙwan LED ɗaya mai lumen 800 a tsakiyar silin. Ko da a ce duk hasken ya sauko ƙasa babu asara, 800 a raba da 12 lukus 67 ne. Ga bango da aka yi wa fenti mai duhu yana shanye wani, ga labule, ga ƙurar hunturu da ta lulluɓe ƙwan, ga inuwar kaina a kan takardar. In an sami rabi an gode. Wato ina karatun jarrabawar ƙarshe a hasken da bai kai rabin abin da aka ware wa baranda ba. Ba zan ce muku wannan yana makantar da mutum ba, domin likitocin ido ba su ce haka ba. Abin da yake yi shi ne gajiyar da ido, ya kawo ciwon kai, ya jawo gyangyaɗi tun ƙarfe goma, ya sa ka karanta 38 a matsayin 33 a kan sikeli. Sau nawa muka ɗora laifin a kan shinkafar da muka ci da dare?

Maganin ba wai ka cika silin da ƙwai ba ne. In ka lissafa, kafin ɗakin nan duka ya kai lukus 500 sai ka rataya wajen ƙwai goma sha biyar, mai gida kuwa ya ba ka notis washegari. Maganin nisa ne. Haske yana raguwa da nisa ninki-ba-ninki: ka ninka nisa sau biyu, abin da ke isowa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Haka kuma in ka matso. Ƙwan da ke nisan mita biyu daga littafinka, in ka sauko da shi zuwa rabin mita, hasken da ke faɗowa kai-tsaye ya ninku sau 16. Lukus 20 ya zama 320, ba ka ƙara ko wat ɗaya ba. 'Yar fitilar tebur mai caji da aka ajiye a gefen hagu, in kai badame ne, ta fi maka ƙaton ƙwan da ke can sama yana haska gizo-gizo. Sai dai ka karkatar da ita kada ƙwayar ta riƙa dukan idonka, don hasken da ke kashe ido shi ma wata matsala ce mai zaman kanta.

Akwai kandela, wato ƙarfin haske ta fuska guda. Ita ce uwar sauran, tana cikin ginshiƙan awo bakwai na duniya tare da mita da kilo da daƙiƙa, kuma kyandir ɗaya kusan kandela ɗaya ne. Ita ce ta sa 'yar tocila mai ƙaramin lumen take kaiwa ƙarshen layi: ta tattara ɗan abin da take da shi wuri ɗaya. A shago ba za ka cika buƙatarta ba, a jarrabawa za ka buƙace ta.

Sai launi. Mu a nan mun ɗauka duk fitilar da ta fi fari har tana ɗaukar shuɗi ita ta fi haske. Ba haka ba ne. Lambar nan mai harafin K a ƙarshe, kelbin, launin haske take faɗa, ba yawansa ba. Ka tuna ƙarfe a wutar maƙeri: yana fara ja, ya koma ruwan ɗorawa, in zafi ya tsananta ya yi fari. Daga nan aka ɗauko ma'aunin. 2700K shi ne ruwan ɗorawar tsohon ƙwan, 4000K fari ne mai taushi, 6500K shi ne farin nan mai shuɗi-shuɗi da ya cika shagunanmu. Ƙwai biyu masu lumen 800, ɗaya 2700K ɗaya 6500K, haskensu ɗaya ne. Bincike ya nuna haske mai yawan shuɗi da dare yana jinkirta barci, don haka a ra'ayina ya dace da studiyo, bai dace da kan gado ba. Masu tsire sun riga mu gane sirrin launi ba tare da lakca ba: a ƙarƙashin jan haske nama ya fi kiran mai wucewa.

Ɗan'uwan kelbin shi ne CRI, wani lokaci a rubuta Ra, wanda ke auna gaskiyar fitila wajen nuna launin kaya, daga ƙasa har zuwa 100. Ka je Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ka tsaya a layin 'yan yadi. Za ka ga hajiya ta ɗauki shadda ta fito da ita bakin shago ta ɗaga a rana kafin ta taya. Ba ta taɓa jin CRI ba, amma shi take gwadawa: ta san fitilar shago tana iya mayar da ruwan toka ya zama shuɗi. Ga aji da ofis 80 ya wadatar. Ga masu haɗa launi a zane ko taswira, a nemi 90.

Na san abin da wani zai ce, don abokin zamana ya riga ya faɗa mini: "Malam, wutar ma babu, kai kana maganar lukus?" Ni kuwa na ce rashin wutar shi ne babban dalili. Kowa ya tuna watan Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Mando, jihohin Arewa da dama suka haura mako guda cikin duhu. A irin wannan lokaci duk abin da kake da shi ɗan abin da ke cikin batir ne. Mai wuta awa ashirin da huɗu yana iya yin sakaci. Kai da ke lallaɓa fawa banki ɗaya tsakanin waya da fitila, bambancin lumen 50 da lumen 120 a kowane wat shi ne bambancin rufe littafi ƙarfe sha ɗaya da kaiwa asuba.

Wani kuma zai ce wanda ya yi ƙaryar wat ai zai yi ƙaryar lumen. Gaskiya ne, kuma ba ni da cikakkiyar amsa. Amma ƙaryar lumen ta fi saurin tonuwa ga wanda ya iya rabawa. Fitilun da suka fi kowane inganci a kasuwannin duniya suna wajen lumen 200 ne a kowane wat. In ka ga kwali ya ce wat 9, lumen 3,000, ajiye shi ka yi gaba. In fitilar sola ce, duba girman farantin da batirin kamar yadda muka yi a makare. Wannan cuta ba tamu kaɗai ba ce: tun 2007 Bankin Duniya da IFC suka kafa shirin Lighting Africa, kuma cikin abubuwan da ake gwadawa a ƙananan fitilun sola har da ko abin da aka rubuta a kwali gaskiya ne. VeraSol ce ke riƙe da wannan aikin tantancewa yanzu, a gida kuma hukumar SON ce mai alhakin ingancin kaya. Sai dai babu hukumar da za ta tsaya maka a kowane shago. Araha ba ta ado.

Abin da ya fi damuna ba ɗakina ba ne. Makarantar nan ta faro tun 1956, kuma masu zanen gini, da masu ƙiyasin kuɗin gini, da masu kula da gidaje da filaye, da masu tsara birane da suka fita daga harabar Barnawa suna ko'ina a Arewa. Gobe mu ne. Mu za mu rubuta takardar kayan aikin ajin firamare a ƙauye, da ɗakin haihuwa na ƙaramin asibiti, da fitilun titin da za a ƙaddamar da kiɗa. In ka rubuta "fitilar LED mai wat 18, guda 40", ka buɗe wa ɗan kwangila ƙofa ya kawo duk abin da aka buga wa 18W, kuma ba ka da bakin magana, don abin da ka nema ya kawo. In kuwa ka rubuta cewa kowace ta ba da aƙalla lumen 1,800, launi 4000K, CRI 80 zuwa sama, ta waje ta zama IP65 saboda ƙura da ruwan sama, sannan a auna lukus a kan tebur kafin a biya, to ka ɗaure shi da igiyar da za a iya gwadawa. Ka kuma bar rara saboda tsufa, domin LED ba ta cika mutuwa farat ɗaya ba, dusashewa take yi a hankali. Awannin da ake rubutawa a kwali galibi lokacin da haskenta zai sauka zuwa kashi 70 ne. Littafi yakan ce a ninka da 0.8 saboda datti da tsufa. Wanda ya ga yadda hazon Disamba ke yi wa gilashin taga a Kaduna zai yi tunanin ko 0.8 ɗin ta isa.

Shawarata ga ƙungiyar ɗalibai ƙarama ce, ba ta buƙatar kasafi. A nemi aron na'urar auna lukus, ƙungiyoyin sassa su ba da mutum bibbiyu, a zagaya dare ɗaya: wuraren da muke karatun dare, matattakala, hanyar hostal, bakin get, har da ɗakunan haya na duk wanda ya yarda. A rubuta abin da aka samu a buga a mujallar nan, wurin da ya yi kyau a faɗa, wurin da ya gaza a faɗa. Manhajar waya ma tana ba da ƙiyasi, amma kowace waya da nata karatun, don haka ta isa a kwatanta lungu da lungu, ba ta isa a kai wa hukuma ba. Kuma in lokacin zaɓe ya zo, ɗan takara ya hau benci ya ce zai sa mana fitilu, kada a yi saurin tafi. Wani ya ɗaga hannu ya tambaye shi lukus nawa, a ina.

Mu dai a layinmu mun sake wani karo-karon, aka sauya batir, aka sauko da fitilar ƙasa kaɗan, aka saita ta a rabin ƙarfi. Yanzu tana kaiwa wajen ƙarfe huɗu. Makon jiya na koma shagon nan sayen ƙwan ɗaki, na gaishe da Alhaji, na ce ya ba ni mai lumen 1,500.

Ya dube ni, ya dubi kantarsa.

"Lumen kuma? Injiniya, wannan kamfanin ba mu fara kawo kayansu ba tukuna."